Yaron Da Ya Kekketa Takarda

A cikin littattafan hikaya na ƙasar Amurka akwai wani wanda ya yi suna ƙwarai, ana ce da shi Huckleberry Finn. Wanda ya rubuta shi an fi saninsa da Mark Twain, amma wannan laƙabi ne, sunansa na yanka Samuel Clemens. An haife shi a 1835, ya rasu a 1910. Ya yi ƙuruciyarsa a Hannibal, wani ɗan gari a bakin kogin Misisipi cikin jihar Misuri, inda ya tashi yana ganin bayi a gidajen mutane, daga baya kuma ya yi aikin tuƙin jirgin ruwa a wannan kogi. An fara buga littafin a Ingila a ƙarshen 1884, sa'an nan a Amurka a farkon 1885, watau shekara ashirin bayan an hana bauta a can a 1865. Amma labarin da ke ciki ya koma baya ne da shekara arba'in ko hamsin, zamanin da a ke sayar da mutum kamar yadda a ke sayar da doki.

Mutane da yawa sun ɗauke shi littafin yara, don yana cike da ban dariya, da 'yan damfara, da yawon kogi. Ban dariyar kuwa akwai ta. Amma wanda ya karanta a natse zai tarar duk labarin yana rataye ne a kan tambaya guda mai nauyi: idan bawa ya gudo ya fake da mutum, doka ta ce a mai da shi, malamai suka ce a mai da shi, duk mutanen kirki na gari suka ce a mai da shi, ina abin da ya wajaba a kan wanda aka fake da shi?

Yaron da ke ba da labarin, ana yanke sunansa a ce Hak. Shekarunsa ba su wuce goma sha uku ko sha huɗu ba. Uwarsa ta mutu, ubansa mashayi ne, ba ya tunawa da shi sai in zai duke shi ko zai karɓe masa kuɗi. Wata mata mai hali wadda mijinta ya rasu ta ɗauke shi riƙo, 'yar'uwarta kuma, Mis Watsin, ta ɗauki nauyin koya masa karatu da addu'a. Ita Mis Watsin tana da wani bawa, sunansa Jim. Ran nan Jim ya ji uwargijiyarsa tana maganar za ta sayar da shi ga wani dillalin bayi a kan dala 800, a gangara da shi Niyu Olins. A wurin bayin Misuri kuwa babu abin tsoro kamar a ce an sayar da mutum Kudu, gama can ne gonakin auduga da na rake su ke, inda aiki ke cin mutum, kuma wanda ya tafi ya rabu da iyalinsa ke nan har abada. Sai Jim ya sulale da dare. Shi ma Hak a lokacin ya gudu daga hannun ubansa, ya shirya abin kamar an kashe shi. Suka gamu a wani tsibiri a tsakiyar kogi. Kafin Jim ya faɗi abin da ya kawo shi, sai da ya sa yaron ya yi masa alkawari ba zai tona shi ba. Hak ya yi, da ya ji maganar kuma ya razana, amma ya ce alkawari ya riga ya fita, zai riƙe shi ko da mutanen gari za su raina shi.

Wajibi ne mai karatu ya gane yadda yaron nan ke ganin abin, in ba haka ba littafin ba zai yi masa daɗi ba. Hak bai taɓa jin wani ya ce bauta zalunci ce ba. A makaranta ba a faɗa ba, a majami'a ba a faɗa ba. Abin da ya sani shi ne Jim dukiya ce ta dala 800, mai dukiyar kuwa tsohuwa ce wadda ba ta taɓa cutarsa ba, har ma ta koya masa karatu. Wanda ya taimaki Jim ya tsere, ya yi wa tsohuwar nan sata ke nan. Doka ma haka ta ce. Tun 1793 Amurka tana da dokar mai da gudajjen bawa ga ubangijinsa, ko da ya tsallaka jihar da ba a bauta. A 1850 aka daɗa tsananta ta, aka yanka wa wanda ya taimaki bawa gudu tara har dala 1,000 da ɗaurin wata shida. Ma'aikacin da ke duba ƙarar kuwa, in ya ba mai bawa gaskiya a biya shi dala 10, in ya saki mutumin a biya shi dala 5. Ko makaho ya ga inda aka karkata ma'auni.

Wannan irin tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Wanda ya karanta Risala ya san a babin ciniki an ambaci ladan da a kan sa wa mai dawo da gudajjen bawa, an kuwa jera shi wuri ɗaya da raƙumin da ya ɓace, ko da ya ke littattafan fiƙihu ɗin nan su ne kuma suka kwaɗaitar da 'yanta bawa, suka sa shi cikin kaffara. A Nijeriya ta Arewa sai a 1901 aka yi shelar cewa 'ya'yan da za a haifa daga nan gaba 'yantattu ne, ba a kuwa kashe bautar ɗungum ba sai a 1936. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, ya ga uwar da ta fita neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane, ba ya bukatar a bayyana masa abin da Jim ke gudu.

To, su biyu suka hau wani jirgi na katakai da aka ɗaure wuri ɗaya, suna tafiya da dare suna ɓuya da rana. Niyyarsu su kai wani gari Kairo (ba Alƙahira ta Masar ba, sunan ne kawai ya zo ɗaya), inda kogin Ohayo ke zubawa cikin Misisipi, daga nan su haura zuwa jihohin da ba a bauta. Wani dare hazo ya rufe kogi, suka rabu, Hak yana cikin kwalekwale, Jim yana bisa katakai. Da yaron ya dawo ya tarar Jim yana barci don gajiya da baƙin ciki, sai ya ga abin wasa ya samu, ya rantse masa ba inda ya je, mafarki ne kawai ya yi. Jim ya yarda, har ya shiga fassara mafarkin. Da sararin sama ya soma washewa ya ga ganyaye da karyayyen itacen tuƙi a kan jirgi, sai ya gane. Ya gaya wa yaron cewa shi ya kwana yana makoki don yana tsammani ya rasa shi, shi kuwa ba abin da ya dame shi sai yadda zai mai da abokinsa wawa. Ya tashi ya shige bukka. Hak ya ce sai da ya yi minti goma sha biyar yana fama da kansa kafin ya iya zuwa ya ba baƙin mutum haƙuri, amma ya je, bai kuwa taɓa yin nadama ba. Wannan ɗan wuri shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Ba a ba dukiya haƙuri. Tun daga daren nan yaron ya riga ya ɗauki Jim mutum a aikace, bakinsa da tunaninsa ne kaɗai ba su sani ba tukuna.

Da suka ga kamar sun kusa Kairo, Jim ya kasa zama don murna. Ya shiga faɗin abin da zai yi: zai yi aiki ya tara kuɗi ya fanshi matarsa, su biyu su yi aiki su fanshi 'ya'yansu biyu, in kuwa mai su ya ƙi sayarwa, sai ya nemi wanda zai sato su. Jin haka jikin Hak ya yi sanyi. Ga mutum yana cewa zai saci 'ya'yan da su ke mallakar wani bawan Allah wanda bai yi wa kowa laifi ba! A nan gwanintar Mark Twain ta ke. Bai tsai da labari ya yi wa'azi ba. Ya bar yaron ya faɗi maganar da zuciya ɗaya, mai karatu da kansa zai ji yadda ta ke wari, cewa uba ne a ke kira ɓarawon 'ya'yan cikinsa.

Hak ya shiga kwalekwale, wai zai je ya dubo ko Kairo ce, alhali kuwa tona asiri za shi. Yana turawa sai Jim ya ɗaga murya yana sa masa albarka, yana cewa ba shi da wani aboki a duniya sai shi, kuma shi kaɗai ne farar fatar da ya taɓa cika masa alkawari. Bai yi nisa ba sai ga mutum biyu da bindigogi suna neman waɗansu bayi biyar da suka gudu. Suka tambaye shi, wanda ke bisa jirgin can fari ne ko baƙi? Ya buɗe baki zai faɗa, magana ta ƙi fita. Can sai ya ce fari ne, ubansa ne ba shi da lafiya, ya yi ta roƙonsu su zo su taimaka, yana jan magana har suka ɗauka agana ce ta kama mutumin. Nan da nan suka ja da baya. Don kunya kowannensu ya ɗora tsabar zinariya ta dala 20 a kan ɗan katako ya turo masa bisa ruwa, suka yi gaba. Mutanen da ke da tausayin ba yaro dala 40 su ne ke farautar mutane da bindiga, kuma ba su ga wani saɓani a ciki ba. Yaron ya komo yana jin ya yi laifi. Ya tambayi kansa, da ya ba da Jim fa, da zai fi jin daɗi? Ya ga ba zai fi ba. Sai ya ce tun da ya ke ladan daidai da na kuskure duk ɗaya ne, daga yau abin da ya fi sauƙi shi zai riƙa yi. Ashe kuwa sun riga sun wuce Kairo cikin hazon nan, kogi yana ta janye su Kudu, ko wane dare yana ƙara nisanta Jim da 'yanci.

Babban wurin yana babi na 31. Waɗansu 'yan damfara biyu da suka maƙale musu, ɗaya yana kiran kansa sarki ɗaya yana kiran kansa basarake, sun ci amana, an ba da Jim a kan dala 40, yana ɗaure a gonar wani mutum Silas Felps. Hak ya zauna shi kaɗai. Ya ga wannan hukuncin Allah ne a kansa sabo da satar da ya yi wa tsohuwa. Ya durƙusa zai yi addu'a, kalmomi suka ƙi zuwa, ya gane dalili: bakinsa yana cewa zai tuba, zuciyarsa kuwa ta san ƙarya ya ke. Sai ya ɗauko takarda ya rubuta wa Mis Watsin inda bawanta ya ke. Yana gamawa ya ji wasai, kamar an wanke shi daga zunubi, karo na farko a rayuwarsa. Amma bai tashi nan da nan ba, ya ajiye takardar yana tunani. Tunanin ya kai shi kogi. Ya tuna dare da farin wata suna hira suna dariya. Ya tuna Jim ya kan haɗa tsaronsa da nasa ya kwana a farke don yaron ya sami barci. Ya tuna murnar da ya yi sa'ad da ya komo daga hazo, da albarkar da ya sa masa ranar masu bindiga. Ya nemi abu guda da zai taurara masa zuciya a kan Jim, ya rasa. Ya ɗauki takardar hannunsa yana rawa, ya yanke shawara ya yarda ya shiga wuta, ya kekketa ta.

Abin lura a nan, yaron bai canja ra'ayinsa a kan bauta ba ko kaɗan. Bai ce malamansa sun yi kuskure ba, bai ce doka ta zalunci ce ba. Ya gaskata cewa wutar gaskiya ce, kuma shi za ta ci. Ya ɗauki kansa lalatacce wanda tarbiyya ba ta kama ba, ya ce to, tun da haka ne bari ya ci gaba da lalacewa, ya sato Jim. Shekara goma bayan fitowar littafin, Mark Twain ya rubuta cikin littafinsa na ajiye tunani cewa labarin karo ne tsakanin lafiyayyar zuciya da gurguwar lamiri, lamirin kuwa ita ta sha kaye. Lamiri ita ce muryar nan da ke tsawata wa mutum daga ciki. Mutane su kan ɗauka daga sama ta ke saukowa tsarkakakkiya. Littafin yana nuna cewa ita ma tarbiyya a ke yi mata kamar yaro, abin da gari ya zuba mata shi za ta riƙa maimaitawa, ta kuwa maimaita shi da muryar gaskiya.

Za a fi ganin ƙarfin wannan in an gwada shi da wani littafi da ya riga shi, Uncle Tom's Cabin, na Harriet Beecher Stowe, wanda ya fito a 1852 don yaƙi da dokar 1850. A ciki akwai wani ɗan majalisar jihar Ohayo, Bird, wanda ya goyi bayan dokar hana taimakon gudaddun bayi. Ya komo gida matarsa ta tsare shi da muhawara, ta ce littafin addininsu ya umurce ta ta ciyar da mayunwaci ta tufatar da matsiraici, ita kuwa za ta karya dokar nan ranar da ta sami hali. Suna cikin haka sai ga wata baiwa, Eliza, a ɗakin girki, ta tsallako kogin Ohayo bisa ƙanƙara da ɗanta a hannu, ƙafafunta duk jini. Su kuwa ba su daɗe da binne ɗansu ƙarami ba. Mai dokar nan da kansa ya ce a ba yaron tufafin marigayin, ya fitar da keken doki cikin dare da taɓo ya kai su maɓuya. Wuri ne mai taɓa zuciya, littafin kuma ya yi aikin da aka rubuta shi dominsa, gama an sayar da kwafi wajen 300,000 a Amurka cikin shekararsa ta farko. Amma wahalar Bird ba ta kai ta Hak ba. Shi yana da mata mai nuna masa hanya, yana da nassi a bayansa, abin da zai yi hasara bai wuce tara da kunyar abokan majalisa ba, ya kuwa kwanta yana sane da ya yi daidai. Marubuciyar ma tana tsaye kusa da shi tana gaya wa mai karatu abin da ya kamata ya ji. Hak ba shi da kowa. Ya yi alheri yana tsammani zunubi ne, ya kuma biya da abin da ya fi kome tsada a wurinsa.

Duk da haka kada a yi wa zuciyar nan tasa yabon da ya wuce kima. Tausayinsa na wanda ya sani ne. Washegarin ranar da ya kekketa takarda, matar Felps ta tambaye shi ko wani ya ji ciwo a haɗarin jirgin da ya ƙaga mata, ya ce a'a, baƙin mutum ɗaya ne dai ya mutu, ita kuwa ta ce an yi sa'a, don wani lokaci mutane kan ji rauni. Ko da a ce yaron ya faɗi haka ne don ya san abin da za ta so ji, maganar ta zo masa a sauƙaƙe. Ko sa'ad da ya ga Jim yana kuka don tunawa da 'yarsa, wadda ya mara don ta ƙi jin magana bai san zazzaɓi ya kurmantar da ita ba, abin da Hak ya iya cewa shi ne mamaki, wai ashe baƙi ma suna son 'ya'yansu kamar farare. A 1860 bayin Amurka sun kusa miliyan huɗu. Zuciyar da ba ta motsawa sai ta kwana bisa jirgi ɗaya da mutum, mutum nawa za ta 'yanta? Waɗancan sai da aka yi yaƙi daga 1861 zuwa 1865, aka kuma gyara tsarin mulki. Akwai kuma kalmar wulakanci ga baƙar fata wadda ta fito cikin littafin fiye da sau 200, abin da ya sa makarantu da dama a Amurka suka yi ta gardama a kan karantar da shi.

Wani abin kuma, ana ta maganar tsaka mai wuyar da Hak ya shiga, ba a cika tunawa da ta Jim ba. Shi ma an gwada shi. A daren da suka fitar da shi daga gonar Felps, harsashi ya sami Tom Soya, abokin Hak, a ƙafa. Jirgi yana nan, hanya a buɗe. Jim ya ce ba zai gusa ba sai an kira likita, da likitan ya rasa mataimaki kuma ya fito daga maɓuya ya taimaka, yana sane sarai za a sake sa masa sarƙa. Bai rubuta takarda ba, bai yi minti goma sha biyar yana shawara ba. Mark Twain ya ba wannan 'yan layuka kaɗan, don idon da ke ba da labari na Hak ne. Sai a 2024 wani marubuci baƙar fata na Amurka, Percival Everett, ya sake ba da labarin daga bakin Jim cikin littafinsa James, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 2025.

Ƙarshen littafin kuwa, a nan ne aikin ya yi rauni. Tom Soya ya iso, ya mai da fitar da Jim wasa. Ana iya ɓalle katako guda a fitar da shi cikin dare ɗaya, amma Tom ya ce sai an yi yadda a ke yi cikin littattafan fursunonin Turai: a haƙa rami, a saka tsani na igiya cikin abinci, a zuba wa ɗaurarre macizai da ɓeraye da gizo-gizo. Mako uku ana wannan shirme da babban mutum mai mata da 'ya'ya, Hak kuwa, wanda ya yarda da wuta sabo da shi, yana biye. Daga bisani Tom ya fasa ƙwai: ashe Mis Watsin ta mutu wata biyu da suka wuce, ta 'yanta Jim cikin wasiyyarta, shi kuwa ya sani tun farko. Ernest Hemingway, wanda ya ɗaukaka littafin ƙwarai a 1935, ya ba da shawara mai karatu ya tsaya inda aka sace Jim, ya ce sauran ha'inci ne. Waɗansu masana sun kāre marubucin, sun ce da gangan ya yi, yana nuna yadda aka ci gaba da wasa da 'yancin baƙaƙe bayan an ce an 'yanta su. Wannan magana tana da ƙafa, amma ba ta ɗauke damuwar duka ba. Wasiyyar nan ta zo ta wanke kowa: tsohuwa ta mutu da alheri, Tom bai saci kome ba, Hak bai karya doka ba, mutanen gari ba a tambaye su kome ba. Marubucin ya tayar da tambayar da ta fi ƙarfin dokar gari, sa'an nan ya bar dokar garin ta ba da amsa.

Abu ɗaya wasiyyar ba ta iya taɓawa ba. Ranar da Hak ya kekketa takarda bai san da ita ba, sabo da haka abin da ya zaɓa yana nan da nauyinsa. A babi na ƙarshe Jim ya gaya masa cewa gawar da suka gani cikin wani gida da ruwa ya ɗauko, wadda ya hana shi duban fuskarta, ta ubansa ce. Hak ya ce zai gudu yamma kafin a sake kama shi a koya masa zaman gari. Tom ya ba Jim dala 40 ladan haƙurin zama fursuna, daidai kuɗin da aka karɓa a kansa. Matar Jim da 'ya'yansa biyu suna can Misuri a hannun masu su, littafin bai sake ambatonsu ba.